Ruwan Kanwar Inna Asibi

Tun ranar da Sabitu ya fara ƙorafi a kan jant ɗin motarsa na ce wa mijina wannan magana da jini za ta ƙare. Alassani ya yi dariya ya ce, "Ke Meimuna, komai a wurinki jini ne." To, ai ga shi nan.

Jant shi ne ƙarfen da taya ke zama a kai, kuma sana'ar mijina ke nan, yana da shagon sayar da su a Hédzranawoé, bakin kasuwa, nan Lomé. Sabitu kuwa direba ne, manyan 'yan kasuwa yake ɗauka zuwa Kwatano su dawo. Nono ɗaya suka sha. Uwar Alassani ta rasu yana jinjiri, sai Inna Asibi, uwar Sabitu, ta haɗa su ta shayar. Amma hali kam kowa da nasa. Mijina ruwan randa ne, Sabitu kuwa ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya nemi uban ƙudan.

Jant huɗu Sabitu ya saya a wurin mijina, na alminiyam, sababbi fil, da garantin kamfani. Damina ba ta zagayo ba suka fara furfura. Wani fari-fari ya fito musu kamar gishiri, fentin ya ɗaɗɗago, bakin ya rarake har iska na zurarewa. Alassani ya ɗauki ɗaya ya kai kamfanin, can wajen tashar jiragen ruwa. Suka duba suka ce ba laifin ƙira ba ne, wani abu mai cin ƙarfe ake zuba musu, garanti bai shafi wannan ba.

Mu mun san abin, domin ƙofarmu na kallon tasu a unguwar Zongo. Duk Juma'a Sabitu kan bar motar ya taka zuwa masallaci. Yana shan kwana Inna Asibi za ta fito da kwanonta. Ruwan tofi ne take karɓowa wurin malaminta, ta jiƙa kanwa da gishiri a ciki, ta tsuguna ta wanke ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Mijinta a hanyar Atakpamé ya mutu, taya ce ta fashe. Ɗa ɗaya gare ta, shi ma a kan taya yake cin abinci. Duk macen da ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyam ta san ɓarnarsa. Inna ma ta sani, sai dai a wurinta tukunya daban, mota daban.

Sabitu ya taɓa kama ta tana turara tsohuwar motarsa. Ya shure kaskon, ya ce shirka ce, ya rantse in ta sake zai kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Baguida, can bakin teku, ita da ganinsu sai a lahira. Kuma kowa ya san zai aikata. Da Alassani ya lallaɓa ya ce mata, "Inna, a bar kanwar nan mana," sai ta ce haka malam ya ce a yi, ba ta rage komai. Ta kama hannunsa ta ce don darajar nonon da ya sha kada ɗanta ya ji. Ya ɗauki alkawari, ya kasa gaya mata ruwanta ne ke cinye ƙarfen. Ya dawo gida ya ɗora mini alkawarin ni ma, ni da ban sha nonon kowa ba.

Ranar Asabar da azahar na kai wa mijina shinkafa shago. Ban ko sauke kular ba sai ga Sabitu ya diro daga bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, jant a kafaɗa, idonsa jajur. Ashe taya ce ta sace masa kusa da Aného, Alhajin da ya ɗauko ya zage shi a gaban mutane ya hau wata mota. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga jant ɗin ya maka a kan gilashin kantar shagon, gilashi ya tarwatse har cikin abincina.

"Ɓarawo! Tsoho ka kwaso a por, inda jirgin ruwa ke sauke kaya, ka fente, ka ce min sabo!"

"Frère, ɗan'uwana, zauna mu yi magana," in ji Alassani. "Iskan teku ne, ka san Lomé."

"Iskan teku? A Baguida nike kwana? Motoci nawa ne a garin ga, nawa kaɗai iska ya sani? Kamfani sun ce produit aka zuba, abin da ke cin ƙarfe. Wa ya zuba?"

Na dubi mijina, na ga maganar ta zo masa har leɓe. Wallahi na gani. Ya haɗiye ta.

"Bar garanti," ya ce. "Ni zan canja maka duka huɗun, daga aljihu na."

Wannan ce ta kashe shi. A kunnen Sabitu, wanda ya yarda ya biya ya amsa laifi ke nan. Ya shaƙo wuyan rigarsa ya jawo shi ta kan fasasshen gilashin, ya kifa masa mari, ya ƙara da kai a hanci. Jini ya ɓalle. Alassani bai rama ba, hannu kawai yake karewa da shi yana cewa, "Sabitu, ni ne fa." Ni kuwa ban iya wannan haƙuri ba. Na ɗaga kular na rafka masa a ƙeya, na kafa haƙora a damtsensa har na ji gishirin jininsa. Ya yi wurgi da ni na bugu da tarin tayoyi.

Kafin in miƙe ya raro ƙarfen kwance taya daga ƙasa. Bugun farko ya sami hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na biyu ya sami fuska. Mijina ya durƙusa, ya dafe idon dama, wani abu yana bin yatsunsa wanda ba jini kaɗai ba ne. Sai da 'yan zemijan suka taru suka danne Sabitu, yana ƙasa yana harbin iska yana cewa a sake shi ya ƙarasa macuci. Da suka ga yadda mijina yake, hankalinsu ya koma kansa, Sabitu kuwa ya sulale.

A asibiti likita bai ɓoye mini ba. Hannu zai ɗoru, ido ya tafi.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai Zongo, zanina ya bushe da jini ya yi tauri. An riga an jawo motar an ajiye a ƙofar gida. Sabitu na zaune a kan dakali da yagaggiyar riga, ya sunkuyar da kai. Can gefen da ba ya gani, Inna Asibi ce tsugune da kwanonta. Ta ji taya ta sace wa ɗanta a hanya, ta kasa jiran Juma'a.

Ina son tsohuwar nan, ita ta yi mini wankan jego. Amma a lokacin ba na ganin komai sai yatsun mijina a kan fuskarsa. Na fizge kwanon daga hannunta na dire a gaban Sabitu.

"Yaya Sabitu, ka ce wa ya zuba. Shinshina. Kanwa ne da gishiri, duk Juma'a kana masallaci. Ɗan'uwanka ya sani, ya rufe baki don kar ka bar uwarka. Idonsa ɗaya ka cire a kan wannan."

Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya miƙe ya maka kwanon a bango, ya bi gilashin motarsa da ƙafa da hannu har fatar hannun ta tsage. Inna ta zame ta zauna a ƙasa tana kallon tafin hannunta, tana cewa, "Ni ce? Ni ce na ci idon Alassani?"

Da 'yan sanda suka zo Sabitu bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya ce, kuma ga matarsa ya faɗa: ta haɗa kaya ta kai yara Baguida. Ko inda uwarsa take bai duba ba. Kafin magariba ɗakunansu sun zama wayam.

Washegari da hantsi Alassani ya farfaɗo, rabin fuskarsa a naɗe. Na zuba masa ruwa a baki da cokali. Bai tambayi idonsa ba, bai tambayi shago ba.

"Meimuna," ya ce, "ba ki faɗa ba ko?"

"Na faɗa."

Na ce masa ban yi nadama ba, ko yau aka sake zan faɗa, kuma har yanzu a kan haka nake.

"To yanzu Inna wa ta ke da shi?" ya ce.

Na ce ai tana da shi Alassani, kamar kullum. Ya lumshe idon da ya rage ya juya fuskarsa bango. Inna tana bakin ƙofar ɗakin tun asuba da kokon da ta dama masa, ta kasa shigowa.