Ƙwaya Tamanin da Uku

Shekara tara tana aiki a kantin magani, kuma babu mai cikin da ta taɓa fita daga gabanta ba ta sha wa'azi ba: bitamin ɗin nan, kullum ɗaya, ko ana ha-maza-ha-mata. Da nata cikin ya zo, ƙwaya bakwai ta sha. Kowacce ta dawo da rakiyar abincin safe. Sai ta tura kwalbar cikin kwalin tsohon takalmi, ta ce wa mijinta tana sha. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yanzu yaron shekararsa biyar, bai taɓa cewa Mama ba. Likita ya ce sunan larurar otizim. Uban, malamin lissafi ne a sakandare, ya raɗa masa Injiniya, don duk abin da ya samu sai ya jera shi a layi: cokula, murafen biro, takalman baƙi.

Dangi kowa da bincikensa. Kakar yaron ta ce bakin mutane ne. Gwaggonsa kuwa, da yake ta yi boko, sai ta turo wani rubutu ta waya, wai masana na zaton ƙarancin bitamin lokacin goyon ciki na iya zama cikin dalilai. Sau huɗu rubutun ya ce wataƙila. Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba.

“Yaya, ki bar maganar nan,” in ji Malam, mijinta, yana waya da Gwaggon. “Matata fa ita ke sayar da su. Ba ta taɓa tsallake rana ba.”

Tana bakin murhu tana jinsa, da sabon ciki wata uku. Kwalin na ƙasan gado. Ta sha niyyar zubar da kwalbar, amma ɗaukarta ma sai ta ji kamar ta amsa laifi.

Ranar Asabar da hantsi ta dawo daga shanya ta tarar da layi tun daga ƙofar ɗaki har ƙafar kujera. Ƙwayoyi ne rawaya, tazararsu daidai kamar an auna da rula. Injiniya na kwance rub-da-ciki yana gyara ta ƙarshe. Malam na tsugune kusa da shi, ya riga ya leƙa bakin yaron ya ga bai haɗiyi komai ba. Kwalbar na hannun Malam, da shekarar da ke jikinta, leɓɓansa na motsi. Malamin lissafi ba ya ganin layi ya ƙyale.

“Casa'in aka rubuta a nan,” ya ce. “Tamanin da uku na samu.”

“Amai suke sa ni, Malam.”

“Da kin faɗa mini, Likita.” Haka yake kiranta in yana tsokana, amma yau babu dariya a ciki.

Ta kai hannu za ta kwashe. Yaron ya ƙwalla ƙara, ya toshe kunnuwansa, sai da ta janye. Dole suka zauna, ita a wannan gefen layin, shi a wancan, suna gadin bakin Injiniya.

“Wataƙila aka ce,” in ji Malam can. “Ko likitan ya ce babu wanda ya san dalili. Wasu sun sha duka, nasu ya zo haka. Ba laifinki ba ne.”

Ta san gaskiya ya faɗa. Ita ma da wata ce ta zo kanti da wannan kukan, abin da za ta gaya mata ke nan.

Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma gaya wa yayarsa ba. Ranar Litinin da safe ya shigo da kofin ruwa da ƙwaya ɗaya a tafin hannu, daga sabuwar kwalbar wannan cikin. Ta karɓa ta ce an gode. Ya makara, jakarsa na rataye a kafaɗa, amma bai motsa daga bakin ƙofa ba sai da ya ga maƙogwaronta ya motsa.