Biskit ɗin Maman Emeka

Maganar ta shigo gidan ne a bakin masu zuwa gaisuwa, kamar yadda kowace magana ke shigowa tun da Malama Halimatu ta shiga takaba. Wai biskit ɗin da Maman Emeka ke gasawa a shagon ƙofar gidan, da man alade ake yin sa.

Hujja kuwa an tanade ta tsaf. Bafulatanar da ke kawo man shanu unguwar ta rantse matar ba ta taɓa sayen ko cokali ɗaya a wurinta ba. Mai ƙwai ya ce bai san kalar kuɗinta ba. To abin da ba ƙwai, ba man shanu, ba madara, me zai sa ya yi laushi haka, ya kuma riƙe jikinsa bai marmashe ba? Sai in akwai abin da ake ɓoyewa.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Ya Gana, yayar marigayi Alhaji Kawu, wadda ta taso daga Gadau don ta zauna da matar ƙaninta har ta fita.

Malama Halimatu ta ce, "Yana yi mana, Yaya. Ki ajiye shi a rana ki gani."

Ta yi shekaru tana koya wa 'yan mata girki da tsabtar gida a makaranta kafin ta ajiye aiki, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a kawo mata "an ce" ta karɓa. Sai dai yanzu iyakarta ɗaki, tsakar gida, madafa. Abin da ta karanta a littafi guda biyu ne: kada ta yi ado, kada ta bar gidan. Ya Gana ta zo da nata ƙarin. Kada ta ɗaga murya. Kada ta duba madubi. Ta riƙa yawo da 'yar wuƙa a hannu ko bayan gida za ta. Malama ta yi gardamar wuƙar har ta gaji, ta karɓa, ta mai da ita ta yankan albasa.

Bangon ɗakinta shi ne bangon bayan shagon. Shekara da shekaru ke nan da Alhaji ya ba Maman Emeka hayarsa, tun tana sayar da sabulu da ashana kaɗai. Sunanta na yanka Ukamaka, amma ba mai kiranta da shi sai mijinta. Da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi wuyar gani, burodi ya koma abincin masu hali, sai ta fara gasa biskit da ots, hatsin nan na Turawa da ake murjewa a zuba a gwangwani. Ma'aikatan asibiti da malaman kwaleji suka yi mata caa. Daga kan gadonta Malama kan ji hayaniyarsu, da ƙarar murfin kwalba, da dariyar matar mai kama da ɓarin kwanuka.

Yanzu bangon ya yi tsit. Sai jan kujera. Sai tari.

Ran nan Alhaji Babayo, ƙanin marigayi, ya tsaya a bakin ƙofarta, labule a tsakaninsu. Bayan gaisuwa ya ce ya zo ne ya shaida mata, a matsayinsa na mai kula da abin da yayansa ya bari kafin a raba, zai sallami matar nan in wata ya ƙare.

"Da wane laifi?"

"Haba Malama, kina cikin gida ne, ba ki jin abin da gari ke faɗi."

"Ina ciki ne nake jin sa fiye da kai, tun da ba inda zan gudu. Kai ka ga man?"

"Ni zan je ina leƙa tukunyar matar mutane?"

"A'a. Korarta ce dai ba ta yi maka nauyi ba."

Ya yi 'yar dariyar da ya saba yi tun yana yaro in ta kama shi da hannu a kwano, ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya tafi. Ta bi sawunsa da kunne har zaure, har titi, inda ita ba ta da ikon takawa.

Ta san in ta aika a tambayi Maman Emeka, cewa za a yi wa ya taɓa amsa laifinsa. Ta san kuma tambayar kanta mari ce. Sai ta tuna da kwanon da matar ta kawo ranar addu'ar bakwai, cike da biskit, wanda Ya Gana ta kife da faifai ta tura can saman rumbu don kada yaran masu gaisuwa su taɓa. Da hantsi ta taka turmi ta sauko da shi. Sun bushe, amma suna nan.

Ta jera kofuna uku a kan tabarma. Ɗaya ta marmasa biskit a ciki, ɗaya ta sa ɗan kitsen rago, ɗaya ta ɗiga man gyaɗa. Ta zuba wa kowanne tafasasshen ruwa, ta juya, maiƙo ya taso ya kwanta a sama. Ta kai su gindin randa, ta binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi mai sanyi.

"Wannan kuma wane irin tsubbu ne, mai takaba?"

"Tsubbun aji biyu ne, Yaya. Kitsen dabba halinsa ɗaya, in ya ji sanyi sai ya daskare."

Da azahar suka duba tare. Kitsen ragon ya yi fari fat, ya kame kamar kyandir. Man gyaɗa na nan yana yawo a kan ruwa. Na biskit ɗin ma yana yawo, idanu-idanu, ruwan zuma.

Ya Gana ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kin taɓa ganin man aladen ne, da za ki san yadda yake yi?"

Tambaya ce mai kyau, Malama kuma ta ji haushin cewa daga bakin Ya Gana ta fito.

"Ban taɓa ba. Ke ma ba ki taɓa ba. Masu rantsuwar ma haka."

"To kin gani. Kuma har yanzu ba ki faɗa min me ke riƙe shi ba, in ba ƙwai."

Nan ne gizo ke saƙa. Hanya ɗaya ta rage: ta yi irinsa da hannunta, a gaban idon da ba ya ƙaunar a yi.

Akwai ragowar gwangwanin ots a kan kantar ɗakin Alhaji, wanda likita ya ce a riƙa dama masa da jikinsa ya yi nauyi. Tun rasuwar ba ta shiga ɗakin ba. Ta shiga, ta ɗauko, ba ta dubi gadon ba. Cokalin da take auna masa yana ciki har yanzu.

Ta zuba yashi mai tsabta a tsohuwar tukunyar ƙarfe, ta ɗora a murhu, ta sa faranti a kan yashin, garwashi a kan murfi. Karon farko ta kwaɓa ots da man gyaɗa da sukari da ruwa. Ya fito ya zube a hannunta kamar dusa. Karo na biyu ta daka rabin ots ɗin ya zama gari, ta ƙara ruwa. Wannan ya tsaya, amma da za a jefi kare da shi sai ya yi ƙara.

"Haƙorana huɗu suka rage," in ji Ya Gana, "ba zan ba da su sadaka ba."

Gwangwanin ya yi ƙasa. Abin da ya saura bai fi na gwaji ɗaya ba, ita kuwa ba ta da ƙafar zuwa kanti, ba ta kuma son a ji a gari cewa mai takaba na aike a sayo mata kayan kwaɗayi. Ta jiƙa guda daga na Maman Emeka, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Ya Gana ta yi salati ta kau da kai. Akwai dabino, wannan ta gane shi, ga ɗigo-ɗigonsa. Akwai wani ɗan ɗanɗano a can ƙasa da ta san shi sarai amma ya ƙi ba ta sunansa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ta bango ta ji an zo an auna shagon, muryar Babayo da ta wani baƙo suna maganar inda za a kafa kantar kaya. Ta zauna a tsakar gida tana kallon katanga, tana lissafin cewa tsakaninta da ƙofar shagon bai kai tafiyar da take yi zuwa madafa ba.

Tana nan zaune wani abu baƙi ya tsallako katangar ya faɗo. Akuyar Alhaji ta ruga. Wani ya sake faɗowa. Shekara nawa Maman Emeka na jefo wa awakin gidan ɓawo ta nan, ba wanda ya taɓa kula da ɓawon mene ne, har ita. Ta tashi ta ƙwace ɗaya daga bakin akuyar. Ɓawon ayaba ne, wadda ta nuna ta wuce, ta yi baƙi ƙirin, irin wadda masu saukewa daga motocin kudu ke rasa mai saye.

"Yaya," ta ce, muryarta ta ɗaga ba ta sani ba, "ina ayabar da 'yan gaisuwa suka kawo, da kika ce ta lalace?"

Ta sa Ya Gana ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta ce kada ta ƙifta. Komai sai ta nuna mata kafin ta zuba. Ta dame ayabar da bayan cokali har ta yi yauƙi. Ta cire ƙwallon dabino da wuƙar takaba, ta daka dabinon. Ots, rabi gari rabi tsaba. Man gyaɗa cokali biyu, ɗan gishiri, ɗan ruwan kanwa don ya tashi. Ta bar kwaɓin ya huta ya sha jikinsa, ta ɗiba da cokalin Alhaji, ta danna kowanne da tafin hannu, ta rufe tukunya.

Ƙamshin da ya tashi, Ya Gana ta riga ta gane shi. Ta dubi katanga, ta dubi tukunya.

Da la'asar aka kira Alhaji Babayo. Malama ta turo farantin ta ƙarƙashin labule. Yana gani ya ja da baya.

"Subhanallahi! Malama, abin matar nan za ki ba ni, a gidan yayana?"

"Ka tabbata nata ne?"

"Ina da ido, ina da hanci."

"Madalla. Yaya, faɗa masa."

Ya Gana ta gyara mayafi, kamar wadda za a cire wa ƙaya. "Ita ta yi. A gabana. Ba abin da ya shiga sai abin da ni da kai muke ci." Ta ɗauki ɗaya ta gutsura da haƙoranta huɗu, don kada a ce.

Babayo ya ɗauka shi ma. Ya ci, ya ƙara. Malama na jin taunarsa ta bayan labule.

"Wallahi da daɗi," ya ce. Ya karkaɗe hannu. "Amma Malama, magana zarar bunu ce. Ni zan bi gida-gida da faranti? Ko ke za ki fita ki yi musu bayani? Mutane sun riga sun ce gidan Alhaji Kawu ne ake sayar da abin nan. Kuma na riga na yi wa wani alkawari."

"Ka jira in fita. Saura kaɗan."

"Wata jibi zai ƙare."

Ya yi mata addu'a mai tsawo, ya tafi da biskit biyu a aljihu.

Ranar da wata ya ƙare tun da safe bangon ya farka. Jan akwatuna, ƙarar kwalabe, muryar masu ɗora kaya a amalanke. Malama na zaune a bakin gado, tafin hannunta a jikin bango.

Da aka gama, Maman Emeka ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malama, na zo sallama. Za mu koma wajen tasha, in an samu wuri. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Shigo ciki, Maman Emeka, ba a tsaya min a ƙofa."

Ta miƙa mata abin da ya rage a farantin. Matar ta ɗauka, ta juya shi, ta karya, ta duba cikinsa. Dariyar nan tata ta taso, ta tsaya a rabi.

"Wa ya faɗa miki?"

"Akuya."

Ya Gana ta kawo ruwa a kofi ta ajiye a gaban baƙuwar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Me ya sa ba ki sa ƙwai ko man shanu?" in ji Malama. "Da ya fi miki sauƙi."

"Tun ran da zan fara, Baban Emeka ya ce min, nan garin Musulmi ne, kada ki sa komai da ya fito daga jikin dabba, ko ƙwai, ko madara. Ya ce in babu, ba mai tambayarki."

Daga waje mai amalanke ya ƙwala kira. Ta tashi, ta yi godiya, ta ce a gai da yara. Malama ta raka ta har bakin zaure, inda Ya Gana ta riƙe mata gefen zane. Ta tsaya nan.

A cikin biskit ɗin Maman Emeka akwai ots, da ayaba, da dabino, da man gyaɗa, da gishiri, da ɗan ruwan kanwa. Babu man alade.