Wuƙar da Mahauci Ya Wasa

A layinsu, in aka tashi zancen Mai Agogo, kowa da abin da yake faɗa. Telan da ke jikin shagonsa cewa yake, mutumin da ba ya iya yanka kaza amma yana ajiye da wuƙaƙe talatin da bakwai, ai sai a bar shi da halinsa. Matarsa kan ce ya fi riƙe ranar shafa wa wuƙa mai fiye da ranar haihuwar 'ya'yansa. Ƙanensa mahauci kuwa ba ya cewa komai, don wata uku ke nan rabonsu da magana.

Wuƙaƙen na soja ne, tsofaffi. Yawancinsu irin waɗanda ake maƙalawa a bakin bindiga, sauran gajeru ne na faɗa gaba da gaba. Suna jere cikin kabad mai gilashi, kowace da kubenta da 'yar takardar tarihinta. Duk Asabar yakan shimfiɗa tsumma a tebur, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga man keken ɗinki, ya goge, ya mayar. Ba ya kankare tabo, ba ya wasawa. A wurin masu tara irin wannan kaya, tsufan shi ne darajar. A da, mahauci kan zo ya zauna a gefe da kofin shayi yana tsokana.

"Yaya, wannan ko tumatir ba za ta yanka ba."

Da aka kwantar da Mai Agogo a asibiti don aikin ido, sai mahauci ya ga bari ya yi wa yayansa abin farin ciki. Ya ɗauki wata doguwa daga cikin wuƙaƙen, mai daraja saboda lambar jikinta ta yi daidai da ta kubenta, ya wasa ta, ya goge har tana ɗaukar ido. Lambar ta bi dutsen wasa wuƙa, ta shafe. Ran da aka sallamo Mai Agogo ya gani, sai ya ce, a gaban matarsa da tela, "Kai me ka sani ban da sarar ƙashi?" Mahauci ya ajiye kofinsa ya fita.

Asabar ba ta daina zuwa ba. Idon ya warke, shago na tafiya, har ya samu wata gajeriya mai ƙotar fata da ya daɗe yana nema. Sai dai babu mai raina masa ita. Matarsa kuma ba ta fasa kawo kofi biyu ba.

"Na biyun na wa ne?"

"Na wuƙaƙen. Tunda su ne 'yan'uwanka."

Can ya zaro doguwar daga ƙasan kabad inda ya jefa ta, ya maƙala gilashin aikinsa a ido don ya ƙara ganin ɓarnar. Kaifin ya tafi sambal daga gindi har tsini, babu inda hannu ya karkace, babu inda ƙarfen ya ƙone. Shekara talatin yana gyaran agogo, ya san aikin da aka yi da natsuwa.

"Yini biyu ya rufe rumfarsa a kanta," in ji matar. "Har ya yanki yatsa. Ya ce kar in faɗa maka."

Ya naɗe wuƙar da kubenta cikin tsumma, ya sa takalmi.

Ya tarar da mahauci yana kankare katakon sara, ciniki ya lafa. Mahauci ya ɗago, ya dubi ƙunshin, ya ci gaba da aikinsa.

"In tsatsa ka zo in mayar mata, ba ni da ita."

"Takardar tarihinta na zo gyarawa. A dutse nawa ka bi da ita?"

"Uku. Na ƙarshen da ruwa." Ya goge hannu a gaban rigarsa. "Ashe idon ya fara gani."

Mai Agogo ya ja benci ya zauna. Ya daɗe yana juya ƙunshin a cinyarsa. Maƙwabcin rumfa ya matso yana kasa kunne, shi kuwa bai rage murya ba.

"A gaban mutane na faɗa maka maganar nan, bari in janye ta a gaban mutane. Ban kyauta maka ba, ƙanena. Ka yi haƙuri, ka yafe mini."