Riƙon Gammo

Tsinken tsintsiya nake zurawa cikin simintin da likita ya ɗaure mini ƙafa da shi, ina laluben inda ƙaiƙayin yake, sai na ji sallamar Sirajo daga zaure. Kafin in amsa, 'yata Humaira ta yar da murfin kwanon da take wasa da shi, ta tsallake ƙafar tawa kamar icce, ta ruga ta rungume shi. Shekararta huɗu, kuma tun da ta iya tafiya ni take yi wa wannan gudun. Ƙanen nawa ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙunshin balangu, warin albasa da zufa na biye da shi. Wannan warin nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ni ke shigowa da shi gidan nan.

"Maigidana ya dawo!" in ji matata Mairama daga bakin murhu. "Sannu da aiki, mai cika min tukunya."

Wasa ne irin na mace da ƙanen miji. Tun ranar da aka kawo ta daga Maiyama haka take kiransa, har ni ma nakan taya su dariya. Amma ran nan sai tsinken ya karye mini a cikin simintin.

Sirajo ya durƙusa gefen tabarmata. "Yaya Arzika, ina gajiya? Ya ƙahwa?"

"Tana nan inda kab bar ta."

Ya yi dariya, a zatonsa raha nake. Ya ajiye mini naman a gabana, ya tashi ya rataye gammon a ƙusar da ke jikin ƙofa. Gammona ne, wanda Mairama ta ɗinka mini da tsohon zanenta. Na ci naman, don yunwa ba ta san fushi ba.

* * *

Ni ɗan dako ne a kasuwar albasa ta Aliero. Aikinmu mu ɗauki buhu a ka, mu bi katakon da aka jingina da tirela mu kai shi sama. Buhun ya fi mutum nauyi, katakon kuma lanƙwasawa yake, saboda haka da kan yatsun ƙafa ake hawansa. Duk layinmu ba wanda ya kai ni. Direbobi ba sa kiran sunana, Giwa suke ce mini.

Wata rana ina saukowa, wani tsagaggen ƙarfe a gindin mota ya datse mini agara, jijiyar nan ta bayan idon sawu. A asibiti a Birnin Kebbi aka yi mini tiyata, aka jawo bakin jijiyar biyu aka ɗinke. Likitan, wani siririn mutum mai magana a hankali, ya ɗauko zare ya nuna mini, ya ce abin da ke riƙe da ƙafata ke nan har nama ya kama. Wata uku ban da takawa da nauyi, dako kuwa kada ma in yi mafarkinsa kafin wata shida.

To mu ma muna da tamu ƙa'idar, wadda ta girmi likitan. In ɗan layi ya kwanta, sai ya ba ɗan'uwansa gammonsa ya riƙe masa wuri. In aka ci kasuwa takwas bai dawo ya hau katako ba, gammo ya zama na mai riƙo. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin takwas. Wataƙila waɗanda suka kafa ta ba su san ana ɗinke jijiya ba. A zamaninsu ko dai ka tashi, ko ka tafi ke nan.

Ni da hannuna na miƙa wa Sirajo gammon. Lokacin yana ɗan buga-buga a tashar Jega, bai daɗe da aure ba, kuma ko buhun gero ba ya iya ɗauka sai ya yi nishi. Na ce a raina, wannan dai riƙo zai yi.

* * *

Jinyar ƙafa ba ciwon ne ke kashe mutum ba, zaman ne. Ka kwana da ƙafa bisa matashi, ka tashi ka ja sanduna zuwa bayan gida, ka yi salla a zaune kamar tsoho. Cinyata da ake kwatance da ita ta zube. Mairama ce ke kawo mini ruwan wanka, ta naɗe simintin da leda, tana yi tana waƙa, ni kuwa ina jin haushin waƙar.

Bayan kasuwa ta biyar, Yari shugaban layinmu ya zo duba ni. Dattijo ne mai son labari, wanda bai san inda ake tsayawa ba.

"Kai Arzika, ashe haka gidanku yake da albarka! Yaron ga naka jiya sau arba'in yah hau katako, ko ruwa bai tsaya sha ba. Direbobi sun ce giwa ta kwanta, giwa ta tashi. Shi suka kira Giwa yanzu."

"Madalla," na ce. "Ya kuɗin albasa bana?"

Da ya tafi, na daɗe ina kallon yatsun ƙafata da suka leƙo daga siminti, baƙaƙe, a kumbure. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hassada nake yi. Yaron da na goya, na koya wa hawan keke, shi nake wa hassada. In ya yi dariya a tsakar gida sai in ji da ni yake. In Mairama ta zuba masa tuwo sai in auna malmalar da ido. Har tafiyarsa na tsana, yadda dugadugansa ke tashi daga ƙasa ba tare da ya san ni'ima ce ba.

Mairama ta gane. Mace ba ta rasa ganewa.

"Baban Humaira, mi Sirajo yay yi maka? Kwana ukku ba ka amsa gaisuwatai da kyau. Yaron ga gida biyu shika ɗauka bisa kainai."

"To ki koma gun mai cika miki tukunya mana."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni. "Ƙahwa anka ɗinke maka, ko hankali?" Daga ranar ta daina kiransa maigidana, sai gidan ya yi wani irin shiru da ya fi wasan ciwo.

* * *

Ana jibi kasuwa ta takwas, da hantsi, gidan ba kowa. Na ja sanduna zuwa ƙofa na sauko da gammon, ba don komai ba sai in ji shi a hannuna. Da na matsa shi sai na ji wani abu na ƙara a ciki. An farke ɗinkin ta gefe, an cusa katin ƙwaya guda biyu. Taramol ce, babbar, irin wadda masu tebur ke sayarwa a bayan tasha. Ɗaya katin saura uku a ciki.

Na san ta, kowane ɗan dako ya san ta. Na ga waɗanda ta sa suka yi aikin mutum uku, na kuma gan su bayan shekara biyu suna faɗuwa suna kumfa a bakin kwata. Abin da ya kamata babban wa ya ji shi ne tsoro. Ni daɗi na ji, har da dariya ni kaɗai. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo! Ashe Giwar tasu ta kati ce! Ban yi tunanin mene ne ya kai yaro mai nishi da buhun gero ga haɗiyar wannan abu ba, ko bakin wa yake ciyarwa da shi.

Na ɓalle ukun nan na sa a aljihu, na mayar da gammon ƙusarsa.

Ranar kasuwa Mairama ta tafi bikin suna a Maiyama da Humaira. Suna fita na jiƙa simintin a bokiti, na bi shi da wuƙar yankan albasa har ya rabu biyu. Ƙafar da ta fito ban gane ta ba, siririya, tana saɓa, ga tabon ɗinki kamar an ja zif. Na taka, wani raɗaɗi ya harba har ƙeyata. Na haɗiye ƙwayoyin duka uku, na zauna ina jira. Kafin a jima ciwon ya ja da baya, ya koma kamar na wani ne ake ba ni labari. Na jingine sandunan a zaure, na tare ɗan kabu-kabu.

* * *

Kasuwa ta cika, tireloli sun yi layi, jar albasa tuli-tuli har inda ido ya tsaya. 'Yan layinmu suka yo kaina da murna. Sirajo ne kaɗai bai yi murna ba. Ya sauko daga katako, idonsa a kan ƙafata.

"Yaya, ina simintin? Wa yac cire maka?"

"Ba ni gammona."

"Don Allah Yaya, koma gida. Likita ya ce..."

"Likita ka ɗaukar min buhu? Yau kasuwa ta takwas. Ko ka ɗauka ban iya ƙidaya?"

Yari ya matso yana girgiza kai. "Arzika, in don wuri na, kwantar da hankalinka. Tun kasuwa ta shidda yaron ga ya ishe ni har gida, yac ce ko shekara kay yi kwance shi riƙo shikai, ba ya gadon ɗan'uwanai da rai. Mun aminta. Tahi ka yi jinya."

Da wuri ne kawai damuwata, da nan magana ta ƙare. Amma daidai lokacin wani direba ya leƙo daga saman mota ya ƙwala kira, "Giwa! Rana tana yi!" Muka waiwaya mu biyu. Shi kuwa direban, Sirajo yake kallo.

Na fizge gammon daga kansa. Mutum biyu suka ɗora mini buhu, don ba mai iya musu da ni a layin nan. Nauyin ya zauna mini a wuya kamar tsohon aboki. Taki ɗaya, biyu, biyar, katako na lanƙwasawa yadda na san shi, mutane suna ta sowa. A taki na tara na ji ɗas, kamar igiyar guga ta tsinke a rijiya.

Ban ji zafi ba. Wannan ne abin da har yau ke ba ni tsoro. Na dai aika ƙafar ta taka, ta ƙi zuwa. Buhun ya tafi gefe ya fashe, ni na bi bayansa, albasa tana ta gangarawa ƙarƙashin motoci. Ina kwance ina kallon tafin ƙafata yana reto, ina jin kamar in tashi in sake gwadawa.

Sirajo ne ya goya ni zuwa bakin titi. A bayansa na ji yadda ƙasusuwansa suka fito, da yadda zuciyarsa ke bugawa kamar za ta fasa haƙarƙari. Kuka yake yi.

"Na nemi ukku cikin gammo ban gani ba," ya ce a hankali. "Yaya, da ka tambaye ni, da na hwaɗa maka abin ga ba magani ba na."

* * *

Likitan bai yi mini faɗa ba, na kuwa so ya yi. Ya duba hoton ya ce bakin jijiyar sun ja da baya sun tarwatse, sai wani aikin da ya fi na farko girma, kuma ko an yi ba ya alkawarin katako. Ba a yi ba. Ƙafar ta warke yadda ta ga dama, ina jan ta kamar takalmin da ya fi ni girma.

Bana shekara biyu ke nan. Yari ya sama mini wuri a inuwar rumfa tare da tsofaffi, muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Daga inda nake zaune ina ganin katakon sosai. Sirajo na nan yana hawa. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, kuma sau biyu ke nan yana faɗuwa a gida matarsa na ɓoyewa. Har yanzu cewa yake riƙo yake yi mini. Kullum ina shirya maganar da zan yi masa, in na tuna Humaira ta shiga makaranta, ga ƙanenta a bayan Mairama, ga nasa 'ya'yan biyu, sai maganar ta koma ciki.

Jiya da azahar ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya juya wa mutane baya, hannunsa ɗaya a dunƙule.

"Yaya, akwai sauran ruwa?"

Na san abin da ke cikin hannun. Na dube shi, ya dubi ƙasa. Na ɗauko gorar ruwana na buɗe masa murfin da kaina.

Ya haɗiye, ya goge baki, ya gyara gammon a kansa. Aka kira Giwa daga saman mota, na danne wuyana don kada in waiwaya. Amma da ya fara hawa, idona bai bar agararsa ba har ya kai sama.