Famfo na Tara

"Ka sake mutuwa, Kawu."

"Na gani. Ido gare ni."

Injiniya ya ajiye rimot ɗin wasan a cinyarsa, ya goge gumin tafin hannunsa a jikin riga. A fuskar kwamfutar, 'yar yarinya mai fitila ta faɗa kan tsinin ƙarfe, fitilar ta mutu, komai ya yi baƙi. Can sai ga ta an dawo da ita gindin wani famfo mai ɗigar ruwa, inda ya taso da ita minti goma da suka wuce. Tafiyar duk ta tashi a banza.

Na Sama yana kwance a doguwar kujera, bargo har ƙirji duk da ranar la'asar da ke dukan taga. Dariya yake yi ƙasa-ƙasa, don kar haƙarƙarinsa ya motsa.

"Garaje kake yi. Ka bari ƙarfen ya sauka sau biyu, sannan ka yi tsalle."

"Wanda ya ƙera wannan abin ba shi da tausayi ko kaɗan."

"Ga shi kwance a gabanka. Faɗa masa."

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Keken ɗinki yake gyarawa a shagon da ke ƙasan benen, shekara ashirin da ɗoriya, teloli suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Ɗakinsa yana hawa na biyu. Saurayin kuma yana hawa na uku, daidai saman kansa, shi ya sa duk gidan ke kiransa Na Sama. Shekararsa talatin da ɗaya, da sikila aka haife shi, kuma shekara biyar ke nan yana ƙera wasan kwamfuta, shi da wani abokinsa mai zane da ke wata ƙasa. Ba kamfani, ba ma'aikata. Su biyu ne rak.

Wasan labarin wata yarinya ne da ta sauka ƙarƙashin gari, cikin tsofaffin bututan ruwa da rijiyoyin da aka rufe. Babu mai nuna maka hanya. Ka yi ta yawo, ka tarar da ƙofa a kulle, ka wuce, sai bayan kwanaki ka tsinci abin da zai buɗe ta a wani lungu mai nisa, ka dawo. In ka mutu, a mayar da kai famfon ƙarshe da ka sha ruwa. Famfo tara ne a ciki, daga sama har ƙasa.

Duk wani sauti da ke wasan, a gidan nan Na Sama ya ɗauke shi da 'yar rikodarsa. Kukan ƙofar ƙarfe ta waje, ɗigar ruwan tanki, takun mutane a matattakala, har ƙarar keken da Injiniya ke gwadawa bayan ya gyara.

Wata huɗu bayan rasuwar matar Injiniya, Na Sama ya sauko shago, yana hutawa a kowane hawa. Ya daɗe tsaye yana jujjuya wani ƙoƙon zare kafin ya yi magana.

"Kawu, akwai muryar Inna a wasana."

Injiniya ya ɗago daga kan keken.

"Waƙar nan da take yi da baki a rufe in tana wanki a bayan gida. Na ɗauka bara, da saninta. Ita na sa a famfo na tara. Amma ba zan saki wasan duniya ta ji ba sai ka amince. In ka ce a cire, yau zan cire. In kana so kuma, yanzu na tura maka a waya."

Injiniya ya ce masa ya fita. Haka kawai, ba tsawa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, muryar ta fara ɓace masa. Fuskarta tana nan a hoto, mayafinta yana rataye a bayan ƙofa, amma in ya rufe ido ya nemi yadda take kiransa, sai ya ji tasa muryar ce ke kwaikwayo. Kuma yana tsoron waya. Abu ne na danna yatsa ɗaya, ta fito masa gaba ɗaya a tsakiyar shago, shi kuma bai san me zai zama ba bayan nan.

Washegari ya hau hawa na uku, ya ƙwanƙwasa.

"Nuna min yadda ake tafiyar. Da ƙafata zan je. In na ji, sai na ba ka amsa."

Tun daga ranar, kullum da la'asar yakan ja ƙofar shago ya haura. Yatsun da ke zura zare a allura ba tabarau suka zama kamar na aro. Sati biyu ya yi kafin ya ga famfo na biyu. Ya taɓa tambayar Na Sama dalilin da ya sa mutum mai hankali zai ƙera abin da ke wahalar da bayin Allah haka.

"A gadon asibiti na koyi wasa, Kawu. Mai sauƙi yakan ƙare tun ba a sallame ka ba, ka koma kallon silin."

"To ka rage min mugunta. Ni ba yaro ba ne."

"Na ce in kai ka can kai tsaye, ka ƙi."

"Na ƙi ɗin."

"To tsalle."

A wata na uku ya kai famfo na shida. A lokacin idanun Na Sama sun yi rawaya sosai, ya daina zama a kujerar aikinsa mai taya, wadda Injiniya ya saba jin gurzarta ta silin ɗakinsa. Yayar Na Sama, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta fara zuwa kullum da kwanon abinci, tana komawa da shi yadda ta kawo. Wani lokaci Injiniya yana tsakiyar faɗa da wani dodon bututu, sai ya ji shiru a bayansa, ya waiga da sauri. Sai ya ga bargon yana ɗagawa yana sauka, sannan ya juyo, ya tarar an riga an kashe shi.

Ranar wata Talata da hantsi yayar ta shigo shago ba sallama.

"Kawu, zo ka kama min. Ya kasa tsayuwa."

Injiniya ne ya sauko da shi a baya, hawa uku. Ya sha ɗaukar kan keken ɗinki da ya fi shi nauyi. A kunnensa, tsakanin numfashi da numfashi, Na Sama yake cewa, "Jar ƙofar nan... bayan famfo na huɗu. Yanzu kana da sifana. Koma ka buɗe. Hanya ce."

"Yi shiru, ka ji."

"Za ka manta."

"Ba zan manta ba."

Ya je duba shi a asibiti ranar Alhamis. An sa masa robar iska a hanci, jakar jini tana rataye. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ka ji ta?"

"Ban hau ba tun da aka kawo ka. Sai ka dawo."

"Ba gaggawa, Kawu," in ji shi, ya rufe ido.

Ranar Asabar, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ya cika.

Bayan an kai shi, mutane sun watse, gidan ya juye wa Injiniya. Wani ɗan haya ya turo ƙofar waje, ta yi kukanta, sai ya ji kafaɗarsa ta ɗaga, don a wasan wannan kukan ne ke zuwa kafin dodo ya fito. Tanki na ɗiga, ƙirjinsa ya sake, kamar ya iso wurin hutawa. Ya taka keken wani tela don gwaji, bai kai minti ba ya cire ƙafa. Wata rana da azahar yana kishingiɗe a ɗaki, ya ji tayar kujera ta gurza silin, daga taga zuwa bango, yadda ta saba. Ya tashi zaune. Ta sake gurzawa. Bai san lokacin da ya tsinci kansa a hawa na uku ba, ƙafa ba takalmi.

Yayar ce. Tana jan kujerar gefe don ta samu wurin jera kwalaye.

Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa. Ta ce ranar Lahadi za a kwashe kayan, kwamfutar kuma za ta aika wa abokin aikinsa.

"Jiya ya kira ni, yana ta kuka. Ya ce tun wata uku wasan ya kammala. Sau uku suna sa ranar saki, ƙanena yana ɗagawa. Wai akwai amsar da yake jira daga wajen Kawun ƙasa." Ta naɗe wata waya a hannunta. "Ban san wace amsa ba ce. Ka sani?"

Injiniya ya nemi bakin kujera ya zauna.

Wata uku. Shekara biyar yaron yana gina abu, yana ta maganar ranar da wani baƙo a wata uwa duniya zai faɗa kan tsininsa ya zage shi. Ya gama, yana da sauran numfashin da zai ga hakan, sai ya kwanta yana kallon wani tsoho yana faɗuwa a rami ɗaya kullum. Ko sau ɗaya bai ce masa ya hanzarta ba.

"Bai gaya min ba," Injiniya ya ce. "Wallahi bai gaya min ba."

"Halinsa ne," ta ce. "Ko ciwo ba ya faɗa sai ya kayar da shi."

Ya so ya ce mata a saki kawai, a wuce wurin. Bakinsa ya buɗe, sai ya tuna shi ne ya ce sai ya ji zai ba da amsa, kuma a kan wannan maganar yaron ya tsaya har ƙarshe.

"Ki bar min kwamfutar zuwa Lahadi."

Kwana huɗu shago yana rufe. Teloli suka yi ta bugun ƙofa suna komawa da kekunansu. Shi yana sama tun safe, ba ya tashi sai salla. Ya koma jar ƙofar, ya kwance ta da sifana, ta zame masa gajeriyar hanya yadda aka gaya masa. In ya mutu, yakan ɗan jira, kunnensa a doguwar kujerar da ke bayansa. Babu mai dariya. Sai shi ya ce da kansa, "Garaje kake yi," ya sake ɗaukar rimot.

Tsakanin famfo na takwas da na tara akwai wata rijiya mai zurfi, ana sauka ta kan guntayen bututu masu karyewa da an taka, ruwa kuma yana biyo ka daga sama. Ranar Juma'a gaba ɗaya a nan ta ƙare. Babban yatsansa ya yi ƙurji ya fashe, yayar ta naɗa masa filasta. Ranar Asabar da yamma, ana gobe kwasar kaya, ɗakin ya zama kwalaye da tebur ɗaya, ya diro kan bututu na ƙarshe, ya ga wata 'yar ƙofa a buɗe. Ya tsayar da yarinyar a bakinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya tura ta ciki.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, famfo ɗaya, da bokiti a ƙarƙashinsa. Babu dodo, babu tsini.

Sai muryar ta taso.

Ta fi yadda yake zato kauri. Ga ɗan tsinkewar nan da take yi in za ta ja numfashi, ga ƙarar ruwa a roba, ga inda kullum take hawa sama ta kasa kaiwa ta sauko abinta. Injiniya ya sa hannu ya dafe bakinsa. Yayar, wadda ta fito daga uwar ɗaka da kwali a ƙirji, ta tsaya cik.

Bai taɓa komai ba. Waƙar ta yi ta tafiya, minti biyu, uku, fiye da yadda duk mai wasa zai tsaya saurare. Can ta katse. Aka ji an matse tufa, ruwa ya zuba.

"Ya isa haka?" in ji matarsa. "Kai dai kar ka gaya wa Injiniya. Sai ya ce na zama mawaƙiya da tsufana."

Sai dariya, kusa da rikodar sosai, gajera, mai haɗe da haki.

"Ba zan faɗa ba, Inna. Ƙara kaɗan."

Kwalin ya zame daga hannun yayar a hankali har ƙasa. Ta zauna a kansa, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Waƙar ta sake farawa daga farko.

"Ki kira abokin nasa," Injiniya ya ce, bai juyo ba. "Ki ce masa Kawun ƙasa ya amince. Kar ya yanke komai."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta ɗauki wayar ba, shi ma bai tashi ba. Rana ta sauka daga taga zuwa bangon da aka cire hotuna, inda fentin ya fi haske wuri-wuri. A fuskar kwamfutar, yarinyar ta gaji da tsayuwa, ta ajiye fitilarta a ƙasa, ta zauna kusa da bokitin ta rungume gwiwoyinta.