Mai Kama da Jannatu

Ina tallafe da kansa ina ba shi kunu, sai Baba Isufu ya ture cokalin.

"Hassana, kin san da wa kike kama? Wata mai karanta labarai a talabijin ɗin Yamai. Hancin ne."

Haka yake yi wa kowa tun da ya kama ɗakin da ke jikin nawa a Tamanrasset, yana ɗaukar leburori hoton fasfo. Ba mata, ba dangi a garin. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni nake leƙa shi in na sauke abincin sayarwa.

Ranar ce ya gaya mini abin da ya raba shi da gida. Yana aiki a wata jaridar barkwanci a Yamai, aka rasa abin da za a cike shafin baya. Sai ya jera hoton wani minista da na wani mahauci, ya rubuta a ƙasa: "Wane ne wane?"

"Gari ya sha dariya. Mutane suka yi ta aiko da nasu, mawaƙa, ƴan kokawa. An ce har yau shafin yana fita." Ya yi tari. "Minista ne kaɗai bai yi dariya ba. Na fito da niyyar in ƙura ta lafa in koma."

Sannan ya juyo gare ni.

"Akwai wata mai sayar da yaji a kasuwar Assihar, Zuwaira. Ita da ƴata Jannatu kamar an tsaga kara. Ki roƙe ta ta zo."

Na hau taksi na same ta.

"Ni fa ban san shi ba," in ji Zuwaira.

"Shi ma bai san ki ba. Ganinki kawai yake so."

Ta rufe kayanta ta biyo ni. Da ta zauna a bakin tabarmarsa, ya jima yana kallonta.

"Jannatu, kin rame."

Ta dube ni, sannan ta gyara masa bargo.

"Hanya ce, Baba."

Kafin la'asar ya cika, yana riƙe da gefen mayafinta. Leburori ne suka kai shi makwanci.

Washegari na shiga share ɗakin. Farin ƙyallen da mutane ke tsayawa a gabansa in zai ɗauke su hoto yana nan rataye a bango, iska tana ɗan kaɗa shi.