Wankin Takalma

Mai dabinon ya riga ya cika leda da dabinon ajwa ya ɗora a ma'auni sa'ad da Suhaila ta ɗaga hannu ta ce a'a, ba wannan ba, na kwali take so, wanda aka liƙe da tambarin kamfani.

"Wannan ya fi sabo, 'yar'uwa," in ji shi da Larabci. "Na kwali ai na baƙi ne."

"To ai ni baƙuwa ce."

Murja, uwarta, tana zaune a kujerar robar da aka miƙo mata saboda gwiwa. Amsar ta shiga kunnenta ta samu wuri ta zauna. Baƙuwa! Yarinyar da aka yanke wa cibiya a nan Madina, a unguwar da ake jiyo kiran sallar Harami daga tsakar gida. Shekara tara ke nan Suhaila tana Perth, a Ostareliya, tun da mijinta Mu'azzam ya bar matatar man fetur ta garin Yanbu ya koma aikin haƙar ma'adinai a can. Kowane zuwa sai Murja ta ga an cire wani abu daga 'yarta an sa wani.

Wannan karon da ciki ta zo, wata biyar, bayan biyu da suka zube. Ta kuma zo da biza mai sunan Murja. Aikin Mu'azzam na daji ne, ya yi mako biyu a can, ɗaya a gida, don haka Suhaila take son uwarta ta bi ta, ta zauna har a haihu a yi arba'in. Gobe da hantsi jirgi zai tashi. Mai tikiti ya ce zai riƙe kujera ta biyu zuwa la'asar. E ko a'a kawai ake jira daga Murja, ita kuwa tun da aka fara maganar ba ta furta ko ɗaya ba.

A cikin tasi Suhaila ta ja bel ta ɗaure, ta miƙa hannu ta ɗaure uwarta.

"Har a baya?"

"Ummi, a can ko kare aka ɗauka a mota sai an ɗaure shi."

"To na gode da kwatance."

Suhaila ta yi dariya ta ci gaba da "a can", kalmar da ba ta barin bakinta. A can yanzu sanyi ake, tsakiyar Yuni. A can ba a gaisawa sai an yi kukan tsadar gidaje, yadda a nan ake kukan zafi. A can maƙwabciyarta, wata tsohuwar Baturiya, ta manta ranar zaɓe ba ta jefa ƙuri'a ba, aka ci ta tara. A can lokacin bazara kowa kunnensa na kan labarin gobarar daji. Murja tana ji tana kallon motocin alhazai suna layi a gaban otal-otal. Ta shekara talatin tana koyar da tarihi a makarantar 'yan mata, ta san duk wanda ya yawaita yabon wuri akwai abin da yake rufewa.

Sun tarar da Saif a gida. Shi ne ɗan farinta, daga Yanbu ya taso tun safe, kuma kowa ya san ba sallama da ƙanwarsa kaɗai ta kawo shi ba. Hajiya Tasallah ta bene na sama ita ma ta sauko da kwanon tuwo miyar kuka, aka haɗa da shinkafar da ya sayo a hanya.

Murja tana yi masa Hausa, yana mayar mata da Larabci, haka suke tun yana makaranta. Aka fara da raha. Suhaila ta ce a dajin da mijinta yake aiki raƙuma ne birjik, ba su da mai su, har in sun yi yawa akan bi su da jirgi mai saukar ungulu a harbe.

Saif ya ajiye cokali. "Raƙumi? A harbe a bar wa ungulu?"

"Wallahi, Yaya. Ɓarna suke yi, suna fasa wuraren ruwa."

"Kin ji ko, Ummu Saif?" in ji Tasallah. "Mutanen da ba su san darajar raƙumi ba, ta tsohuwa za su sani? Ni an ce mini ma ƙona gawa suke yi."

"Masu so ne, Hajiya. Muna da maƙabartar Musulmi, muna da masu wanka, muna da liman."

"Muna da!" Saif ya maimaita. "Kun ji ta." Ya juya ga uwarsa, muryarsa ta yi laushi. "Ummi, kakanninmu da ƙafa suka tako daga Katsina, wasu suka ƙare a hanya, duk don a kwantar da su a maƙabartar Baƙi'a. Ke Allah ya ba ki Madina a tafin hannu. Ga ciwon zuciya. Idan wani abu ya faru a can fa? Wanda Allah ya zaunar a garin nan ba ya barinsa."

"Kai da kake Yanbu fa?"

"Yanbu ai bayan ɗaki ne."

Murja ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta dube shi kawai. "Kai wannan, ubanku ko bikin ƙaninsa a Riyad bai je ba, don kada ajali ya same shi a waje. A ina yake kwance yanzu?"

Kowa a ɗakin ya sani. An tura mijinta Idrisa asibiti a Jidda don aikin da aka ce na kwana biyu ne, can ya cika, can aka binne shi.

"Wannan ƙaddara ce," in ji Tasallah. "Ke kuwa da ƙafarki za ki tafi."

Maganar ta sami Murja. Ba ta jayayya da falalar mutuwa a Madina, ta karanta ta fi su duka. Abin da ta daɗe tana lura da shi shi ne, masu yawan faɗarta galibi a Jidda da Riyad suke karɓar albashi. Amma tsoron nata ne, ba aro ta yi ba. Kullum in ta fito sallar asuba takan bi ta jikin katangar Baƙi'a ta leƙa. Mata ba sa shiga da ransu. Ita ta daɗe da sa wa zuciyarta cewa akwai ranar da za a shiga da ita, ba mai tare ƙofa.

Suhaila ta tattara kwanuka. Ba ta roƙa ba. Tun zuwanta sau ɗaya ta faɗi buƙatarta, daga nan ta kama bakinta, wannan ma Murja ta sa shi a cikin halayen da aka koya mata a can.

Bayan azahar Tasallah ta hau sama, Saif ya miƙe a doguwar kujera ƙarƙashin na'urar sanyi, barci ya kwashe shi. Murja ta shiga ɗaki ta ga akwatin 'yarta a buɗe. A gefe an ware abubuwan da ita ta cusa jiya: daddawa, kilishi, ƙullin irin na'ana. Suhaila ta riga ta gaya mata ba a shiga ƙasar da nama ko iri. Tana tsaye tana kallonsu sai ta jiyo ƙarar gurza daga banɗaki.

Suhaila ce zaune a kan bokitin da ta kife, ta ware ƙafafu saboda ciki, tsohon burushin haƙori a hannunta, tana bin ƙarƙashin takalminta layi-layi tana ƙwaƙule ƙasa. Ruwan da ke gangarawa ja ne.

"Me kike yi haka?"

"Shekaranjiya mun je gonar Kawu Rabo bayan Ƙuba, na shiga garken awaki. In ka sauka sai sun tambaya ko ka je gona. Suka ga ƙasa a takalmi, su karɓa su wanke, ko a yi ta magana. Tsoron cutar dabbobi suke."

"Ƙasar Madina ce cutar?"

"Ƙasar ko'ina, Ummi. Ko ta Makka ce."

Murja ta dafa ƙofa. Ta sha ganin alhazai suna goga hannu a bangon garin nan suna shafawa a fuska, ta ga masu ƙulle ƙura a gefen gyale a ɓoye. Yau ga 'yarta tana kankare ta da burushi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai takalmin ya suɓuce ya faɗi can gefen rariya. Suhaila ta sunkuya, cikin ya tokare ta. Ta sake gwadawa ta gefe, tana haki. A ƙarshe ta jawo shi da yatsun ƙafa, cikin ƙwarewar wanda ya saba.

"Wa yake miki irin wannan a can?"

"Ni mana."

"In mijin yana daji?"

"Ni ɗin dai." Ta ci gaba da gurza, ba ta ɗago ba. "Ba wuya. Komai a tsare yake. Ungozoma ma har waya take bugowa."

"Wancan na biyun, da ya zube. Yana gida?"

Burushin ya tsaya. "Yana daji. Jirginsu sai washegari."

"To wa ya kai ki asibiti?"

"Maƙwabciyata. Na buga mata bango ta jiyo." Suhaila ta juya takalmin a hannunta. "Ta girme ki ma. Ita ta tuƙa. Da ta ga an kwantar da ni sai ta koma gidan ta wanke banɗakin, wai kada in dawo in gani. Ta kawo mini miya kwana uku, ni kuma ina zubarwa a ɓoye don ban san da me ta dafa ba. Daga baya na ji har shagon halal ta je ta sayo naman."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na gaya miki ya zube."

Murja ta tsaya tana kallon ƙeyar 'yarta. Wata tsohuwa da ba ta san sunanta ba, wadda ko ranar zaɓen ƙasarsu ba ta iya riƙewa, ta durƙusa ta wanke jinin Suhaila. Ita kuwa a wannan safiyar tana jikin katangar Baƙi'a tana leƙen makwanci.

Ta juya ta koma ɗaki. Daga can saman kabad ta jawo wani ƙulli da sandarta, ta kwance, ta fito da farin yadi a ninke, wanda ta jiƙa da zamzam ta shanya tun shekarar da Idrisa ya rasu. Ta ɗauko takalmanta na fita da na masallaci, ta dawo ƙofar banɗaki.

Suhaila ta ga yadin, ta gane likkafani ne. Fuskarta ta canza.

"Wannan fa?" in ji Murja. "Shi ma ƙwacewa za su yi?"

"A'a, Ummi. Yadi ne. Ana shiga da shi."

"To ki sa shi a ƙasan akwati, kada ki ɗora masa dabino. Ki tashi ki buga wa mai tikitin nan waya kafin a kira la'asar. In yayanki ya farka ki turo mini shi, ni zan gaya masa."

Suhaila ta dafa bango ta miƙe. Murja ta ratsa ta gefenta, ta zauna a kan bokitin da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ta jera takalmanta a gabanta.

"Naki ba dole ba ne, Ummi. Ke ai ba ki shiga garken ba."

"Ba zan je ƙasar mutane wani ƙato ya ɗaga takalmina sama yana leƙawa ba," in ji Murja. "Miƙo burushin."